Likita Barau Dikko, Mai Sunan Asibitinmu

Da wuya a sami mace a nan Hayin Banki, ko Kawo, ko Unguwar Dosa, wadda ba ta taɓa taka Asibitin Barau Dikko ba, ko don awon ciki, ko kai yaro, ko dubiya. Amma ran nan da na tambayi 'yan ajina wane ne Barau Dikko, sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce mini ai asibiti ne. Ban ga laifinta ba, gama iyayenta ma abin da za su faɗa ke nan. Shi ya sa yau na ɗauko muku labarin mai sunan.

Cikakken sunansa Russell Aliyu Barau Dikko. An haife shi a ƙasar Zazzau cikin 1912, ya kuwa tashi a hannun 'yan mishan na C.M.S. waɗanda Likita Walter Miller ke shugabanta. Shi wannan Likita Mila Bature ne wanda ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, ya buɗe makaranta da ɗakin magani, ya iya Hausa kamar jakin Kano, har ya yi babban aiki wajen juya Littafi Mai Tsarki da aka buga da Hausa cikin 1932. Daga baya, cikin 1929, aka tashi mishan ɗin daga birni zuwa Wusasa. Ƙaramin wuri ne Wusasa, amma ku dubi mutanen da ya fitar: Janar Yakubu Gowon, da Farfesa Ishaya Audu wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, da Malam John Tafida wanda suka rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. Barau Dikko yana cikin na farkon wannan jama'a.

Da ya gama makarantar mishan sai aka aika da shi Ikko, ya shiga King's College, daga nan ya ƙetare teku zuwa Jami'ar Birmingham ta Ingila don koyon aikin likita. Ku 'yan makaranta ku tuna a zamanin nan tafiya Ingila sai a jirgin ruwa, kuma wanda ya tafi sai wasiƙa kawai ke haɗa shi da gida. Ya daure ya gama, ya komo, ya zama ɗan Arewa na farko da ya sami digirin likita. Cikin 1940 ya kama aikin gwamnati a matsayin ƙaramin likita.

To, a nan ne na ke so mu ɗan tsaya. Mutum ne Kirista, cikin ƙasar da yawancin mutanenta Musulmi ne, a lokacin da jama'a ke tsoron asibiti, su na ganin wurin yanka mutane ne, ba a kai mara lafiya sai an gaji da sassaƙe da jiƙo. Ga shi kuma sama da shi duk Turawa ne, waɗanda ba su saba ganin baƙar fata da rigar likita ba. Watau ido biyu ke kansa kullum. In ya yi kuskure, Bature zai ce daman ɗan ƙasa ba zai iya ba, mutanen gari kuma su ce daman ɗan mishan ba abin yarda ba ne. Ba a kan mumbarin coci aka auna addinin wannan mutum ba. A ɗakin duba marasa lafiya aka auna shi, wajen yadda ya ke karɓar tsohuwar da ta zo daga ƙauye ba ta da ko anini, da yadda ya ke riƙe asirin matar aure wadda ta faɗa masa abin da ko mijinta bai sani ba. Ni dai a ganina wannan gwaji ya fi wa'azi wuya, domin mai wa'azi yana sauka ya tafi gida, likita kuwa gobe ma zai sake haɗuwa da mutanen nan.

Abin da ya faru cikin 1948 da 1949 shi ya nuna yadda aka same shi. A lokacin nan 'yan boko na Arewa, malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan En'e, suka fara taruwa a Zariya da Kaduna su na shawarar yadda za a ta da ƙasarsu daga barci. Suka haɗu suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta ɗaura yaƙi da abu uku, jahilci da lalaci da zalunci. A cikinta akwai Malam Abubakar Imam editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, da Malam Aminu Kano, da Malam Sa'adu Zungur, mutanen da ba wanda zai ce su na wasa da Musulunci. Da aka yi babban taro a nan Kaduna cikin 1949 aka zo zaɓen shugaba, sai suka ɗora Likita Dikko. Bai sake addininsa don ya sami kujerar ba, su kuma ba su nemi ya sake ba. Sun ga aikinsa da halinsa, suka amince.

Cikin 1951 ƙungiyar ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa, watau N.P.C., wadda daga baya Sardauna Ahmadu Bello ya shugabanta. Doka ba ta yarda ma'aikacin gwamnati ya yi siyasa ba, saboda haka sai ya zaɓi ɗaya. Likita Dikko ya sauka daga shugabanci ya riƙe aikinsa na asibiti. Da ya bi ɗaya hanyar, mai yiwuwa da sunansa ya fi haka tashi, amma Arewa a lokacin ta fi bukatar likita.

Cikin 1953 ya zama babban likita, cikin 1957 kuma aka ba shi babban matsayi a sashen Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Arewa mai yaƙi da cututtukan da suka zauna wa ƙasa daram. Kakanninmu sun san su sarai: kuturta, da ciwon barci wanda ƙudan tsando ke kawowa, da makantar da ke kama mutanen bakin kogi. Aiki ne na shiga ƙauyuka, da ƙidayar marasa lafiya, da rarrashin masu gari su fito da mutanensu a duba. Ba aikin da a ke yi wa tafi ba ne.

Da aka shiga mulkin soja, Janar Gowon ya kira shi Ikko cikin 1967 ya ba shi Kwamishinan Ma'adinai da Wutar Lantarki na Tarayya. A lokacin wannan ma'aikata ce ke kula da man fetur, ga shi kuma zamanin yaƙin basasa ne. Cikin 1971 aka mai da shi Ma'aikatar Sufuri. Ya rasu cikin 1977.

Akwai abin da ke ci mini rai, bari in faɗa. Tun rikicin shekarar 2000 kogin Kaduna ya zama kamar iyaka, Kirista da yawa sun koma ƙetare wajen Sabon Tasha da Barnawa da Television, Musulmi sun taru a wannan gefe. Yaran da na ke koyarwa, akwai waɗanda ba su taɓa cin abinci kwano ɗaya da wanda ba addininsu ɗaya ba. Kirista 'yan kaɗan da suka rage a unguwanninmu na arewa, wasu sun rufe ƙofa sun yi shiru, ba sa zuwa suna, ba sa zuwa gaisuwar mutuwa, wai don a zauna lafiya. Barau Dikko kuwa cikin jama'a ya yi zamansa, ya yi musu aiki da hannunsa shekara da shekaru, kowa ya san abin da ya ke bi, har suka sa shi gaba. Matar da ke sayar da itace ko ƙosai a layinmu, in mudunta cikakke ne kuma bakinta ba ya ɗaukar gulma, maƙwabta za su san irin Ubangijin da ta ke bauta wa tun ba ta buɗe baki ba.

Asibitin da ke Titin Lafiya, wanda tsofaffi har yanzu su ke kira Nasin Hom, shi aka sa wa sunansa. Yanzu ya zama asibitin koyarwa na Jami'ar Jihar Kaduna, inda a ke horar da likitoci, cikinsu har da 'yan mata masu hijabi da masu ɗankwali, su na bin gado ɗaya su na duba mara lafiya ɗaya. Yarinyar nan ta ajina da ta ce Barau Dikko asibiti ne, na ba ta aikin gida ta tambayo kakarta yadda a ke yi da mai naƙuda kafin a saba da zuwa asibiti, za ta karanta mana a aji ran Litinin.