KYAFTIN WALKER: HAFSAN DA AKA TSALLAKE A ƘARIN GIRMA

Gudummawata a wannan fitowa ita ce tarihin wani hafsan sojan ruwa na Ingila, Kyaftin Frederic John Walker. Na zaɓe shi ne saboda yawancinmu ma'aikata ne, kuma ƙannenmu da 'ya'yanmu kan tambaye mu fannin da ya kamata su bi. Amsar da muka saba bayarwa ita ce a bi inda ake saurin samun girma. Rayuwar wannan mutum ta sa ni ina shakkar wannan amsa.

An haifi Walker a garin Plymouth ran 3 ga Yuni, 1896. Ya shiga makarantar hafsoshin ruwa yana ɗan shekara 13, ya yi karatu a Osborne da Dartmouth, inda daga baya wasu hafsoshin ruwa na Nijeriya suka sami horo. Ya yi Yaƙin Duniya na Farko yana ƙaramin hafsa.

A aikin sojan ruwa, hafsan yaƙi yakan fara da koyon tuƙin jirgi da tsaron aiki dare da rana, sa'an nan ya zaɓi fannin da zai ƙware a kai. A zamanin Walker akwai fannin igwa, da na makamin tofido, da na sanin hanya a teku, da na sadarwa. Fannin igwa shi ne mai farin jini, domin manyan jiragen yaƙi su ne abin alfahari. Walker kuwa sai ya zaɓi farautar jiragen ƙarƙashin ruwa, ya je makarantar wannan fanni da ke Portland. Manya da yawa suna ganin tun da an sami na'urar Asdik, wadda kan aika sauti cikin ruwa ta saurari dawowarsa, matsalar waɗannan jirage ta ƙare.

Ya kai muƙamin Kwamanda a 1931, daga nan girma ya tsaya. Sa'o'insa suka zama Kyaftin, shi kuwa aka tsallake shi har lokacin da ake duba shi ya wuce, abin da ya rage masa shi ne ritaya. Duk wanda ya taɓa duba takardar ƙarin girma bai ga sunansa ba ya san ɗacin wannan al'amari. Duk da haka bai bar fanninsa ba.

Da yaƙi ya ɓarke a 1939, sai jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus suka shiga nutsar da jiragen kaya a Tekun Atlantika. Ingila tsibiri ce, abinci da man fetur ta ruwa suke zo mata, don haka yunwa ce ke fuskantarta. A watan Oktoba na 1941 aka ba Walker jirgin Stork da shugabancin wata rundunar rakiya. A watan Disamba ya rako ayarin jiragen kaya 32 daga Jibralta. An yi kwanaki ana gwabzawa, ayarin ya rasa jiragen kaya biyu da jiragen yaƙi biyu, Jamus kuwa ta rasa jiragen ƙarƙashin ruwa biyar. A 1942 aka ba shi muƙamin Kyaftin ɗin da aka hana shi.

A 1943 ya karɓi Runduna ta Biyu ta Agaji a cikin jirgin Starling, wadda aikinta shi ne bin abokan gaba duk inda suke. A nan ne iliminsa na shekaru ya yi rana. Na'urar Asdik tana da aibi guda, watau idan jirgi ya matso dab da abin farautarsa sai ta daina jin sa, shi kuwa na ƙasa ya ji ƙarar injin ya kauce kafin bama-bamai su iso shi. Walker ya fito da dabarar sanɗa: jirgi ɗaya ya tsaya nesa yana saurare, yana yi wa na biyu jagora ta rediyo, na biyun ya lallaɓo a hankali da na'urarsa a kashe har ya hau kan abokin gaba ya saki bama-bamai. Ya horar da hafsoshinsa har kowa ya san abin yi ba tare da jiran umarni ba. A farkon 1944, a fita guda, rundunarsa ta nutsar da jiragen Jamus shida.

Wannan nasara ta zo da tsada. A watan Agusta na 1943 ɗansa Timothy ya mutu a cikin jirgin ƙarƙashin ruwa na Ingila mai suna Parthian a Bahar Rum. Shi kansa Walker ba ya samun hutu, yakan kwana a tsaye a wurin tuƙi. Ran 9 ga Yuli, 1944 ya mutu a asibitin sojan ruwa kusa da Liverpool sakamakon toshewar jijiyar jini a ƙwaƙwalwa, yana da shekara 48, aka danganta mutuwar da gajiya da yawan aiki. An yi masa jana'iza a babbar majami'ar Liverpool, aka saka gawarsa a teku. Sau huɗu yana samun lambar yabo ta DSO, kuma a 1998 aka kafa mutum-mutuminsa a bakin ruwan birnin.

A ganina, da Walker ya bi fannin igwa don neman girma, da mai yiwuwa ya riga sa'o'insa zama Kyaftin, amma ranar buƙata da ba a same shi ba. Haka abin yake a ma'aikatunmu, akwai sassan da kowa ke gudu, kamar ƙididdiga da adana bayanai da gyaran injuna, alhali kuwa su ake nema idan abu ya ɓaci. Saboda haka idan yaro ya zo mana da sha'awar wani fanni da ba a yayinsa, ko a soja ko a farar hula, kada mu yi saurin karkatar da shi. Mu kuma da ke riƙe da ma'aikata, mu riƙa duba waɗanda aka tsallake, mu kuma ba masu ƙwazo hutu kafin aiki ya cinye su.

Allah ya ƙara haɗa kanmu, ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, amin.