AHMAD SHAUƘI: MAWAƘIN FADA DA YA ZAMA SARKIN MAWAƘA

A wannan fitowa za mu leƙa ƙasar Masar ne, mu ɗan taɓa tarihin Ahmad Shauƙi.

An haife shi a birnin Alƙahira a 1868. Kakarsa ta wajen uwa ta yi aiki a fadar Khidiwi Isma'il (Khidiwi shi ne laƙabin sarkin Masar a lokacin), saboda haka tun yana yaro ya san fada. Khidiwi Taufiƙ ya tura shi Faransa karatun shari'a. Da ya komo, sai ya zama mawaƙin Khidiwi Abbas Hilmi na biyu.

Aikin mawaƙin fada dai sananne ne: salla ta zo ya yi waƙa, sarki ya dawo daga tafiya ya yi waƙa, wanda sarki ke fushi da shi kuma ya sha zambo. Lokacin da Abbas ya yi aikin Hajji a 1909 ne ya tsara Nahjul Burda, a kan ma'aunin Burdar Busiri da muke ji lokacin Mauludi. Daga baya Ummu Kulsum ta rera ta.

To amma fa wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ahmad Urabi, sojan da ya yi wa Turawan Ingila tirjiya a 1882, da ya dawo daga zaman kora a 1901, Shauƙi zambo ya tarye shi da shi, don fada ba ta ƙaunarsa. A 1906 kuma wasu hafsoshin Ingila suka je harbin tattabaru a ƙauyen Dinshawai, rigima ta tashi, ɗayansu ya mutu, aka rataye manoma huɗu, aka yi wa wasu bulala a gaban danginsu. Abokinsa Hafiz Ibrahim nan da nan ya yi waƙa. Shauƙi kuwa sai da aka shekara kafin a ji bakinsa. A ganina wannan shirun tabo ne a tarihinsa, kowa ya faɗi abin da zai faɗa.

A ƙarshen 1914 Ingila ta tuɓe Abbas, shi kuma Shauƙi aka kore shi zuwa Sifen a 1915, ya zauna a Basalona. Ba fada, ba sarkin da za a yaba. A can ya ziyarci Ƙurɗuba da Garnaɗa, ya ga kufan daular Andalus, ya yi waƙoƙin begen gida da har yau ake karantarwa a makarantun Larabawa.

Ya dawo a 1920, ya tarar mutanen Masar sun tashi neman 'yanci. Daga nan waƙarsa ta koma ta jama'a. Ya yi wa Dimashƙu waƙa bayan Faransa ta yi mata ruwan bama-bamai a 1925, ya yi ta'aziyyar Umar Mukhtar da Italiya ta rataye a 1931. Ya kuma rubuta wasannin kwaikwayo cikin waƙe, irin su Majnun Laila.

A 1927 mawaƙa daga ƙasashen Larabawa suka taru a Alƙahira suka ba shi laƙabin Amirush Shu'ara, wato Sarkin Mawaƙa. Hafiz Ibrahim ɗin nan shi ya miƙe ya yi masa mubaya'a a gaban taro. Duk su biyun sun rasu a 1932: Hafiz ya riga shi, Shauƙi ya yi masa waƙar ta'aziyya, shi ma ya bi shi ranar 14 ga Oktoba. Gidansa da ke Giza, bakin kogin Nilu, an mai da shi gidan tarihi.