William Oughtred, Limamin Coci Mai Rular Lissafi

Duk sa'ad da muka rubuta alamar sau (×) a allo, sawun wani limamin coci na ƙasar Ingila muke bi, wato William Oughtred, wanda littafinsa na 1631 ya yaɗa alamar. An haife shi a garin Eton, ya yi karatu a Jami'ar Kambirij, aka naɗa shi limami a 1603. Ya yi wajen shekara 50 yana kiwon ikilisiyar ƙauyen Albury. Ɗalibai sukan zo gidansa koyon lissafi, bai karɓi ko kwabo a hannunsu ba.

A 1614 John Napier ya fito da logaridim, dabarar da ke mai da ninkawa ta zama tarawa. Edmund Gunter ya zana lambobin a jikin katako guda, amma sai an auna tsakaninsu da kamfas. Wajen 1622 Oughtred ya ce a ransa, me zai hana a yi katako biyu, ɗaya yana zamewa a gefen ɗaya? Mu gwada: a tura 1 na sama ya zauna daidai kan 2 na ƙasa, a dubi 3 na sama, za a tarar da 6 a ƙarƙashinsa. An ninka ke nan ba tare da alli ba.

Abin mamaki, bai buga wannan aiki ba har kusan shekara goma. A ganinsa, ɗalibin da ya fara da kayan aiki kafin ya gane dalili, ɗan dabo ne kurum. Mu da muke ganin yaro ya danna kalkuleta don ninka 7 sau 8, ba mu ga laifinsa ba. Amma jinkirin ya ja masa. A 1630 tsohon ɗalibinsa Richard Delamain ya riga shi buga bayanin irin rular mai siffar da'ira. Da littafin Oughtred ya fito a 1632, sai rigima ta kaure, kowa yana zargin ɗan'uwansa a rubuce. Masana da yawa suna ganin kowannensu shi ya gano tasa.

Oughtred ya rasu a Albury a 1660, ya haura shekara 80. Rularsa kuwa ta yi fiye da shekara 300 a aljihun injiniyoyi, har 'yan sama jannatin Amurka suka tafi da ita wata a 1969. Kalkuletar aljihu ta HP-35 ta fito a 1972, cikin 'yan shekaru rular ta koma akwati.