Bernard Brunhes: malamin da ya gano arewa ta taɓa komawa kudu

Masu karatu, ƴan kasuwa maza da mata, a wannan mako mun kawo muku tarihin wani masani Bafaranshe, Bernard Brunhes. An haife shi a birnin Tuluz a shekarar 1867. A 1900 ya zama malamin jami'a a Clermont-Ferrand, aka kuma damƙa masa shugabancin gidan binciken yanayi da ke bisa dutsen Puy de Dôme.

Mun san allurar da matafiya da masu neman alƙibla ke dubawa arewa take nunawa, domin duniya kanta mayen ƙarfe ce. Yumɓu kuwa, in an gasa shi kamar tulunan Mirriya, ƙwayoyin ƙarfen da ke cikinsa kan daidaita da wannan ƙarfi yayin da yake hucewa, su tsaya haka nan. Brunhes ya riƙa auna yumɓun da narkakken dutse mai aman wuta ya gasa tun zamanin da.

A 1905, a ƙauyen Pontfarein na yankin Cantal, ya tarar da yumɓu da dutsen da ke kansa duka suna nuna kudu a maimakon arewa. Ke nan akwai lokacin da mayen ƙarfen duniya ya juya. Ya buga sakamakon a 1906, amma masana da yawa ba su gaskata ba. Ya rasu a 1910 yana da shekara 42.

A 1929 Motonori Matuyama na Japan ya samu irin wannan shaida, sai a shekarun 1960 aka yarda baki ɗaya. Juyawa ta ƙarshe ta auku wajen shekaru 780,000 da suka wuce, kuma zamanin da muke ciki sunan Brunhes aka ba shi.

Abin da ya cece shi, ya rubuta wurin da ya ɗebo samfuri da adadin da ya auna. Bayan kusan shekara 100 masana suka koma Pontfarein suka sake awo, suka iske gaskiya ya faɗa. Yau irin waɗannan alƙaluma ana tara su a rumbun MagIC na intanet, kowa na iya dubawa kyauta.

Mu da ke rayuwa da tiya da sikeli mun san wannan: awon da aka yi a bainar jama'a shi ke wanke mai shi, ko bayan ransa.