Arthur Wharton: Golan da ya bar Preston ana gab da fara lig

A ranar 8 ga watan Satumbar 1888 aka buga wasannin farko na gasar lig ta Ingila, wadda ita ce irinta ta farko a duniya. A wannan rana ƙungiyar Preston North End ta lallasa Burnley da ci 5 da 2 a filinta na Deepdale.

To sai dai akwai wani ɗan wasa da jama'ar garin suka saba gani a bakin ragar Preston wanda ba ya cikin fili a ranar. Shi ne Arthur Wharton, haifaffen birnin Accra, wanda ya bar ƙungiyar 'yan watanni kafin a soma gasar.

Akasarin masana tarihin wasanni na ɗaukarsa a matsayin baƙar fata na farko da ya mayar da ƙwallon ƙafa sana'a. Duk da haka sai da kabarinsa ya shafe shekaru 67 babu ko alamar da ke nuna wanda ke kwance a ciki.

Asalinsa

An haifi Arthur Wharton ne ranar 28 ga watan Oktobar 1865 a unguwar Jamestown da ke Accra, a ƙasar da a lokacin ake kira Gold Coast, wato Ghana ta yanzu.

Mahaifinsa, Henry Wharton, limamin mishan ne na ɗarikar Methodist da ya fito daga tsibirin Grenada, kuma yana da jinin Afirka da na Scotland. Mahaifiyarsa Annie Florence Grant ta fito ne daga gidan sarautar ƙabilar Fante.

Saboda haka ɗan gidan rufin asiri ne, ba kamar yawancin waɗanda ya zo ya yi wasa da su ba, waɗanda 'ya'yan ma'aikatan masaƙu ne da na mahaƙar kwal.

Mahaifin nasa ya rasu tun yana ƙarami, kuma a 1882 dangi suka tura shi Ingila domin ya yi karatu ya gaji aikin mishan. Ya fara da wata kwaleji a Cannock, daga bisani ya koma Kwalejin Cleveland da ke Darlington a arewa maso gabashin ƙasar.

A can ne karatun ya tsaya, wasa ya karɓe shi.

Da gudu ya fara suna

Ba da ƙwallo Ingila ta fara sanin Wharton ba. A watan Yulin 1886 ya shiga gasar guje-guje ta ƙasa a filin Stamford Bridge da ke Landan, inda ya yi gudun yadi 100 cikin daƙiƙa 10 cif, abin da a lokacin ake ɗauka a matsayin bajintar duniya. Filin dai shi ne wanda daga baya ya zama gidan Chelsea, ko da yake sai a 1905 aka kafa ita ƙungiyar.

Ya sake lashe kambun a 1887. Yana kuma taɓa wasan kurket da tseren keke.

Mai karatu na iya mamakin yadda mutumin da ya fi kowa gudu a ƙasar ya ƙare a tsaron gida. Amsar tana cikin dokokin wasan na wancan zamani.

A lokacin, gola na da damar taɓa ƙwallo da hannu a ko'ina cikin rabin filin ƙungiyarsa, dokar da ba a sauya ba sai a 1912. Don haka mai gudu na da amfani ƙwarai a wurin. Bugu da ƙari doka ta amince 'yan gaba su bangaje mai tsaron gida, su tura shi cikin gida da shi da ƙwallon. Babu bugun fenareti sai a 1891, kuma a daidai wannan lokaci ne aka fara ɗaura raga a jikin turaku.

Aiki ne na mai ƙarfin hali da zafin nama, kuma Wharton ya haɗa da raha. An ce yakan tsuguna a gefen turke yana jira, sai an buga ƙwallo ya zabura ya tare. Akwai kuma wani labari da wani tsohon ɗan kallo ya bayar shekaru da dama bayan haka, cewa ya taɓa ganinsa ya yi tsalle ya kama sandar sama, ya cafke ƙwallo da ƙafafunsa, 'yan gaba uku da suka taho a guje suka zube a cikin gida. Irin wannan labari yakan ƙara kitse idan ya daɗe a bakin mutane, amma ya nuna yadda 'yan kallo suka riƙe shi a zuciya.

Zamansa a Preston

Daga ƙungiyar Darlington ne Preston North End ta ɗauko shi a 1886.

Preston a lokacin tana hannun William Sudell, manajan wata masaƙar auduga, wanda ya yi ta kwaso 'yan wasa daga Scotland yana sama musu aiki da albashi. A 1884 an kori ƙungiyar daga gasar Kofin FA bayan da ya amsa cewa yana biyan 'yan wasansa. Rikicin da ya biyo baya ne ya tilasta wa Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Ingila halatta biyan 'yan wasa a 1885.

Wharton ya je ne a matsayin wanda ba a biya. Shi ya tsare wa Preston gida har zuwa wasan kusa da na ƙarshe na Kofin FA a 1887, inda West Bromwich Albion ta fitar da su da ci 3 da 1.

A 1888 ya tattara ya koma Sheffield, cibiyar tseren kuɗi a lokacin, inda ake caca mai yawa a kan 'yan gudu. A shekarar ya lashe babbar gasar tseren birnin.

Ta fuskar aljihu shawarar ba ta da laifi, domin babu wanda ya san abin da sabuwar gasar lig za ta zama. Ta fuskar tarihi kuwa ta jawo masa babbar asara.

Kakar da ta wuce shi

William McGregor, wani ɗan Scotland mai shagon yadi a Birmingham kuma jami'i a Aston Villa, shi ne ya kawo shawarar kafa gasar. Tunda an fara biyan albashi, ƙungiyoyi na bukatar kuɗin ƙofa a kai a kai, amma wasannin sada zumunci da suka dogara da su sau da yawa akan soke su a ƙurarren lokaci.

A watan Maris na 1888 ya rubuta wa wasu ƙungiyoyi takarda, kuma a watan Afrilu aka kammala shiri a wani otal a Manchester. Ƙungiyoyi 12 ne suka shiga, shida daga yankin Lancashire, shida daga tsakiyar ƙasar. Babu ko ɗaya daga Landan.

Preston ta buga wasa 22, ta ci 18, ta yi canjaras a 4, ba a doke ta ko sau ɗaya ba. Ta zura ƙwallo 74, aka zura mata 15, ta kuma bai wa Aston Villa da ke biye da ita ratar maki 11. John Goodall shi kaɗai ya ci 21.

Ta haɗa da Kofin FA, inda ta doke Wolverhampton Wanderers da ci 3 da nema a wasan ƙarshe, kuma tun daga zagayen farko babu wanda ya zura mata ƙwallo. Ba a sake samun ƙungiyar da ta kammala kaka a rukunin farko na Ingila ba tare da shan kaye ba sai Arsenal a kakar 2003 zuwa 2004.

James Trainer da Robert Mills-Roberts, dukkansu 'yan Wales, su ne suka tsare gidan a wannan kaka, kuma sunayensu ne suka shiga littafin tarihi.

Rigar Ingila

Wasan ƙasa da ƙasa ya girmi lig. Tun ranar 30 ga watan Nuwambar 1872 Scotland da Ingila suka kara a Glasgow, aka tashi babu ci. Daga kakar 1883 zuwa 1884 kuma aka fara gasar shekara-shekara tsakanin Ingila da Scotland da Wales da Ireland.

A kakar da aka soma lig, Ingila ta doke Wales da Ireland, amma Scotland ta bi ta har Landan ta ci ta 3 da 2, ta ɗauke kambun.

Lokacin da tauraron Wharton ke haskawa, an samu masu sharhi a arewacin Ingila da suka ga ya cancanci a gwada shi. Ba a taɓa kiransa ba.

Wasu kan ce ai ba a Ingila aka haife shi ba. Wannan hujja ba ta da ƙarfi, domin William Kenyon-Slaney, wanda ya ci wa Ingila ƙwallonta ta farko a tarihi a 1873, a Indiya aka haife shi. Ita kuwa Scotland tun a 1881 ta ba Andrew Watson, baƙar fata haifaffen Guyana, kyaftin ɗinta, ya kuma jagorance ta ta casa Ingila da ci 6 da 1.

Gaskiya ne masu zaɓen 'yan wasan Ingila a lokacin sun fi karkata ga 'ya'yan manya da suka fito daga fitattun makarantu da jami'o'in kudu, kuma ƙwararru da dama farar fata daga arewa ba su samu shiga ba. Gaskiya ne kuma shi da kansa ya raba hankalinsa tsakanin gudu da ƙwallo a daidai lokacin da ya kamata ya tsaya wuri guda.

Amma da wuya a cire launin fata daga lissafin. Jaridun zamanin, har da masu yabonsa, sun saba kiransa da wani laƙabi da ke nuni da baƙin fatarsa, wasu kuma sun yi masa rubutun cin mutunci a fili. Abin da ya faru daga baya ma ya ƙara haske: a 1925 an sanya sunan Jack Leslie na Plymouth Argyle a jerin 'yan wasan Ingila, sannan aka cire shi. Sai a watan Nuwambar 1978 Viv Anderson ya zama baƙar fata na farko da ya buga wa babbar tawagar ƙasar wasa, shekaru 90 bayan kakar farko ta lig.

Wasa ɗaya a rukunin farko

A 1889 Wharton ya koma ƙwallo, ya sanya hannu a Rotherham Town, a wannan karo da albashi. Wannan kwantiragi shi ne tushen matsayin da ake ba shi a yau. Ya yi shekara biyar a can, ya auri wata 'yar garin mai suna Emma Lister a 1890, yana kuma kula da gidajen giya domin ƙarin kuɗin shiga, kamar yadda 'yan wasa da yawa ke yi a lokacin.

A 1893 ya nemi aiki a gwamnatin mulkin mallaka ta Gold Coast, aka ƙi ɗaukarsa. Masu binciken tarihinsa na ganin cewa zamansa ɗan wasan da ake biya na daga cikin abubuwan da suka rage masa daraja a idon jami'an, domin a ganinsu ba sana'ar mutumin kirki ba ce. Wato wasan da ya ɗaukaka shi a Ingila shi ne ya tare masa hanyar komawa gida.

A 1894 Sheffield United ta ɗauke shi, damar da ya daɗe yana jira. Sai dai ya tarar da wani matashi mai suna William Foulke, ƙaton gola da aka ce nauyinsa ya zo ya haura kilo 120, wanda daga baya ya tsare wa Ingila gida a 1897.

Foulke ya riƙe wurin. Wasan lig ɗaya tak Wharton ya samu, a watan Fabrairun 1895, da Sunderland wadda ta zama zakara a shekarar. Da wannan wasa ya zama baƙar fata na farko da ya buga a rukunin farko na Ingila.

Daga nan sai gangara. Ya yi wasa a Stalybridge Rovers da Ashton North End, wadda ta durƙushe a 1899, ya kuma ƙare a Stockport County a rukuni na biyu. Ya yi ritaya a 1902 yana da shekara 36.

Ramin kwal

Babu fansho ga ɗan ƙwallo a wancan zamani, kuma Wharton bai tara komai ba. Shan giya ya yi masa katutu.

Ɗan limamin da aka turo karatu daga Accra ya ƙare a matsayin lebura mai jan kwal a mahaƙar Yorkshire Main da ke Edlington, kusa da Doncaster. Aiki ne mai wahala da haɗari, wanda kuma albashinsa bai kai na masu sarar kwal ɗin ba. Ya shafe shekarunsa na ƙarshe a can.

Ya mutu a watan Disambar 1930 a wani gidan jinya da ke Balby, yana da shekara 65, bayan fama da cutar daji da wasu cututtuka. An binne shi a maƙabartar Edlington a sashen waɗanda ba su da halin biyan kuɗin kabari.

Sai a shekarun 1990 aka waiwaye shi, lokacin da 'yan wasa baƙar fata suka cika filayen Ingila kuma ake fafutukar yaƙi da wariyar launin fata a wuraren kallo. Wata ƙungiya mai wannan fafutuka a Sheffield ta tara kuɗi, aka kafa dutse a kan kabarinsa a 1997. A shekarar da ta biyo baya marubuci Phil Vasili ya wallafa littafi a kan rayuwarsa.

A 2003 an sanya shi cikin jerin gwarazan ƙwallon ƙafar Ingila na tarihi. A watan Oktobar 2014 kuma aka ƙaddamar da mutum-mutuminsa na tagulla, wanda ke nuna shi ya yi sama yana ture ƙwallo ta kan sanda, a St George's Park, cibiyar da tawagogin Ingila ke atisaye.