Dorugu: yaron Damagaram da ya koyar da malaminsa Hausa

Duk Kiristan da ke buɗe Littafi Mai Tsarki da Hausa a majami'un Damagaram ko Maraɗi yana cin moriyar wani aiki da yaro ɗan ƙasar nan ya sa wa hannu tun fiye da shekara 160 da suka wuce. Sunansa Dorugu.

An haife shi wajajen 1840 a ƙauyen Dambanas, kusa da Kance, a ƙasar Damagaram. Yana ƙarami aka kama shi bawa, aka yi ta sayar da shi har ya faɗa Kukawa, babban birnin Borno na lokacin. A can ne Bajamushe Adolf Overweg ya ƴanta shi, shi da wani yaro Abbega. Da Overweg ya rasu a bakin tafkin Cadi a 1852, sai yaran biyu suka koma hannun abokin tafiyarsa Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasa suka sani da Abdulkarim.

A ƙarshen wannan shekara ayarin ya bar Kukawa, ya ratsa ƙasar Muniyo, ya biya ta Gure, garin da ke gabas da Gidigir a kan hanyar mota ta yau, ya isa Damagaram. Daga nan sai Katsina, Sakkwato, Sayi, har Tumbutu a 1853. A 1855 suka ƙetare hamada zuwa Tarabulus, suka shiga jirgin ruwa, ƙarshe suka sauka Landan.

A Ingila ne rayuwarsa ta ɗauki wata hanya. Akwai wani malamin mishan na ƙungiyar CMS, James Frederick Schön, wanda ya bi kogin Kwara a 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, ya kuma buga ɗan littafin kalmomin Hausa a 1843. Amma bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba, abin da ya sani tsintuwa ce daga bakin ƴantattun bayi. Sai ya ɗauki yaran zuwa gidansa a garin Chatham.

Schön ya haura shekara hamsin, Dorugu kuwa bai wuce sha shida ba. Duk da haka dattijon ya zauna gaban yaron da alƙalami: yaro na faɗa, shi yana rubutawa, yana tambaya, yana gyara abin da ya rubuta a baya. Haka ya tattara tatsuniyoyi da labarin tafiyar Dorugu, waɗanda suka fito a littafin Magana Hausa a 1885. Littafinsa na nahawun Hausa na 1862 da ƙamus na 1876 duk sun sha daga wannan rijiya.

Shi ma Dorugu bai ɗauki kansa gwani ba don ya ga Tumbutu da Landan. Ya durƙusa ya koyi karatu da rubutun boko da Turanci, ya saurari koyarwar Bishara daga bakin mutumin da yake koya wa Hausa. A 1857 aka yi masa baftisma da suna James Henry Dorugu. A waɗannan shekaru ne fassarar Schön ta Bisharar Matiyu da ta Luka da littafin Farawa suka fito da Hausa. Sabon Alkawari ya kammala a 1880, cikakken Littafi Mai Tsarki kuma sai a 1932, bayan aikin su Dokta Walter Miller na Zariya.

Abbega ya koma Afirka tun 1857, daga baya ya zama sarkin Lokoja. Dorugu ya zauna har 1864 kafin ya dawo. Bai sami sarauta ba, ya yi ta aikin tafinta. Da tsufa ya zo, sai ga shi yana koyar da yara boko a makarantar Nasarawa da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Kano a 1909. A nan Kano ya rasu a 1912.

Hausawa kan ce gemu ba ya hana ilimi. Da Schön ya ji kunyar ƙaramin yaro ya gyara masa magana, da fassararsa ta fito da Hausar da ba ta zauna ba. Da Dorugu ya raina zama almajiri, da labarinsa ya ɓace kamar na dubban yaran da aka kora Kukawa a zamaninsa.