Sarki Alu Maisango da batun mallakar bindiga a ƙasar Kano

Muhawarar da ake yi a kan ko ya dace talaka ya mallaki bindiga domin kare kansa ta sa wasu na waiwayar zamanin Sarkin Kano Aliyu Babba, wanda aka fi sani da Alu.

Alu ɗa ne ga Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, mahaifiyarsa kuma 'yar gidan sarautar Sakkwato ce. Malami ne mai zurfin karatu, amma yaƙi ne ya kai shi gadon sarauta.

Ya jagoranci ɓangaren Yusufawa a yaƙin basasar Kano, ya shiga birni a shekarar 1894, aka kuma kashe abokin hamayyarsa Sarki Tukur a 1895.

Laƙabinsa na Maisango ya samo asali ne daga sango, wani mashi da ake ɗurawa a bakin bindiga a harba.

Barazana daga arewa

Babbar damuwarsa ita ce Damagaram. Tun zamanin Sarki Tanimu masarautar ta tara bindigogi masu yawa, har maƙeranta na ƙera igwa a birnin Zinder.

A shekarar 1898 dakarun Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga suka ratso ƙasar Kano ta arewa har Gezawa. Yankin na manoma ne, gona na manne da gona, ƙauye na hangen ƙauye, kuma abin da mutanensa suka dogara da shi bai wuce ganuwa da kwari da baka ba.

Alu ya dage wajen sayen makamai ta hannun fatake, sai dai ba wa manoman ya miƙa su ba. Kamar sarakunan da suka gabace shi, bayin sarki ne ke riƙe da bindigogin fada.

Dalilin a fili yake. Sarkin da ya hau mulki ta hanyar tawaye ya fi kowa sanin abin da hakimi mai makamai zai iya aikatawa.

Ta wani gefen kuma, yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita sayar wa mafi yawan yankunan Afirka bindigogin zamani, yayin da su Turawan ke shigowa da nasu.

Faɗuwar Kano

Ranar 3 ga watan Fabrairun 1903 rundunar Kanar Morland ta fasa ganuwar Kano da igwa da bindigogi masu sarrafa kansu. Alu na hanyar Sakkwato a lokacin. Daga baya aka kama shi, aka kai shi Yola, sannan Lokoja, inda ya rasu a 1926.

Gwamnatocin da suka biyo baya ba su saki wannan iko ba. Dokar makamai ta 1959 ta wajabta neman lasisi kafin mallakar bindiga a Najeriya.

Sai dai a shekarar 2021 gwamnan Katsina na wancan lokaci, Aminu Bello Masari, ya yi kira ga jama'a da su nemi makamai su kare kansu, kiran da gwamnatin Zamfara ta maimaita a 2022.

A ƙarshen 2025 kuma 'yan bindiga sun kai hare-hare a ƙauyukan Shanono da Tsanyawa, a arewacin jihar Kano.